Sikirif Ɗina a Shagon Kawu

Kawuna tela ne a kasuwar Shagari. Da ya sayi keken aiki mai kwamfuta, irin wanda ke yi wa wuyan riga ado da kansa, sai zanukan adon suka yi masa yawa a kwamfutarsa. Kowane zane fayil ne, ga su nan zube babu tsari, mai riga ya zo ya tsaya ana ta lalube. Ni kuwa lokacin na dawo gida Bodinga daga karatu, ina koyon rubuta sikirif, wato jerin umarnin da ake ba kwamfuta ta yi aiki ita kaɗai. Na rubuta masa wanda zai gyara sunayen zanukan, ya raba su folda-folda bisa watan da aka yi su. A kwamfutata mai Linux ya yi aiki tsaf.

Na shiga mota da sikirif ɗin a filashi cikin jaka, buhunan albasa na tokare mini ƙafa, ina ta jin kaina. Kwamfutar Kawu tsohuwar Mac ce da ya saya ta hannu. Na danna, sai allo ya cika da ƙorafi, ko fayil ɗaya bai motsa ba.

"Ɗiyata, mi ya faru?" in ji Kawu.

"Wallahi Kawu a gida ya yi."

"To, mu nan shago muke," ya ce, ya tura mini kujera, ya aika a sayo mini fura.

Na zauna ina bin layukan ɗaya bayan ɗaya, keke na ta ƙara a bayana. Ashe umarnin da ke karanta kwanan wata sunansa ɗaya a kwamfutocin biyu, amma yadda ake tambayarsa ya bambanta. Haka ma wanda ke canza rubutu a cikin fayil: na Mac sai an ƙara masa wata 'yar alama. Kafin la'asar na gyara, zanuka suka shige gidajensu. Kawu ya kira maƙwabta su gani.

Bayan 'yan kwanaki ya bugo waya, wai abin ya sake tsayawa. Na koma. Na karanta sikirif ɗin sama da ƙasa, ban ga inda ya canza ba. Sai da na sa kwamfutar ta nuna mini haruffan da ido ba ya gani, na tarar kowane layi da wata baƙuwar alama a wutsiyarsa. Nan Kawu ya tuna maƙwabcinsa mai buga takardu ya buɗe shi a tasa kwamfutar mai Windows don ya gani, ya adana, ya maido, ashe ita ta liƙa alamar. Mutumin ya zo yana ta ba da haƙuri, na ce ai darasi ya ba ni kyauta.

Daga nan na sake rubuta shi da umarni masu sauƙi waɗanda kwamfutocin biyu suka sani, na daina cewa abu ya yi sai na gwada shi a ta Kawu. Hakan ya sa na riƙa zuwa Shagari akai-akai, wani lokaci ma babu abin gyara. In zauna kusa da teburin yanka, yana ba ni labarin mahaifiyata tana ƙarama, ni kuma ina tsinke masa zaren da keke ya bari a wuyan riguna.