Kwana Biyu da Ɗan Majalisar da Ba Shi da Jam'iyya

Talata: Badi'a zuwa filin jirgi

Ƙarfe huɗu da kwata na asubahin Talata na fito daga ɗakinmu na unguwar Badi'a, sauran direbobin da muke kwana tare suna ta minshari. A lokacin, wato ƙarshen shekarar 2015, ina tuƙi ne a wani kamfanin hayar motoci a Riyad, kuma rabona da Malumfashi shekara biyar cif. Tun jiya mudir ɗinmu, wato manaja, ya sanar da ni cewa baƙo zan ɗauko daga Taiwan, ɗan majalisar dokoki, kwana biyu zai yi. Na wanke mota ciki da waje, ina zaton tawaga zan gani irin ta namu na gida.

Kilomita hamsin da 'yan kai ne zuwa filin jirgi. Na yi sallah a masallacin wani gidan mai, na isa biyar da rabi. Bayan shida kaɗan sai ga wani gajeren dattijo mai furfura ya nufo ni shi kaɗai, jaka a kafaɗa, a hannu kuma ɗan kwali ɗaure da igiya.

"Ranka ya daɗe, ina sauran mutanenka?" na tambaye shi da Turanci.

"Mafi ahad, sadik. Yalla!"

Na saki baki. Larabcin leburori ne tsantsa, irin namu, wai ba kowa, aboki, mu tafi. Ashe yana saurayi ya yi shekara shida a ƙasar nan yana aikin injiniyan hanya, kuma ya ce in kira shi da sunan da leburori suka sa masa, Muhandis, wato injiniya. Na buɗe masa baya, ya zagayo ya shiga gaba.

Unguwar Ofisoshin Jakadanci

Takwas saura muka iso ƙofar unguwar. Soja ya karɓi iƙamata, katina na izinin zama, ya juya fasfon baƙo, ya sa na buɗe but, sannan ya shinshina kwalin ya yamutsa fuska.

"Esh haza?" ya ce, wato mene ne wannan.

"Samak," in ji Muhandis. Busasshen kifi ne.

Sojan ya yi dariya ya ɗaga mana hannu. Minti arba'in ya yi a ofishin ƙasarsu, ya fito da adireshi a 'yar takarda. Na ce in kai shi otal ya karya, ya ce tamis da ful, wato gurasa da dafaffen wake, yake marmari tun da ya bar ƙasar nan. Na kai shi wajen wani Bayamale a Badi'a, muka ci na riyal tara har da shayi. Yana ci yana kallon titi, ya ce da duk wurin nan fili ne, ba abin da ya gane sai ɗanɗanon waken.

A nan na tambaye shi jam'iyyarsa. Ya ce ba shi da ita. Na ce a wurinmu ko kansila mutum ba ya nema sai da jam'iyya a bayansa. Sai ya ba ni labari. Da ya koma gida, garinsu na masunta ne a bakin teku, aka matsa masa ya shiga majalisar yanki, saboda shi ne ya iya karanta takardun kwangila. Wata babbar jam'iyya ta ɗauke shi, ya yi mata shekaru. Ran nan aka kawo maganar kafa masana'anta a gaɓar da masunta ke ɗaure jiragensu, aka umarce shi ya ɗaga hannu. Ya ƙi, ya ajiye musu katinsu. Ya tsaya indifenda ya sha ƙasa. Ya koma gyaran injin jirage har zaɓe ya zagayo, ya sake tsayawa ya ci, kuma tun daga nan yake majalisar ƙasa.

"To ina kake zama a zauren?"

"Can baya, ni kaɗai. Ranar da ƙuri'a ta yi kankankan, kowa abokina ne, har shayi ake aiko min. Sauran ranaku ko gaisuwa sai na nema."

Sannan ya ce shi ba zauren yake kewa ba. Ƙaramin ofishinsa na bakin kasuwar kifi yake kewa, inda tun safe mata ke shigowa da ƙarninsu suna yi masa faɗa.

Da la'asar, a hanyar kai shi masauki, ya faɗa min abin da ya kawo shi. Wata tsohuwa mai sayar da kifi ce ta je ofishin nan da kwalin. Ɗanta makanikin injin masana'anta ne a nan Riyad, shekara tara bai je gida ba. Sun rabu da mahaifinsa baram-baram a kan sayar da jirgin ruwan da suka gada, uban ya rasu bai halarci jana'iza ba, kunya ta hana shi komawa, har waya ya daina ɗauka. Tsohuwar ta ce masa, "Duk zaɓe ina tare da kai, ban taɓa roƙon ka komai ba. Yau na zo." Zaɓe kuwa saura 'yan makonni, jam'iyyarsa ta da ta tsayar masa da matashi mai ƙarfi, mutanensa har kuka suka yi kada ya bar yaƙin neman zaɓe.

Laraba: Birnin Masana'antu na Biyu

Tara na safe muka kama hanyar Kharj, kilomita talatin cikin tireloli da hayaƙi, muka yi awa guda. Maigadin masana'antar wani Bazamfare ne, Malam Ɗahiru. Da ya ji Hausa a bakina ya ba mu kujera a inuwa, ya ce sai an tashi cin abinci.

Sha biyu ɗan tsohuwar ya fito, ɗan shekara arba'in ko fi, hannu duk baƙin mai. Suka yi magana da yarensu, ban ji ko kalma ba, amma na ga lokacin da Muhandis ya miƙa kwalin da hannu biyu, mutumin ya mayar da nasa hannuwan baya, ya juya ya shige.

Na ce, "Muhandis, mu tafi?"

Ya miƙe. Ya bar inuwar ya je daidai ƙofa ya zauna a kan bulo, kwali a cinya. Malam Ɗahiru ya kai masa ruwa ya dawo yana girgiza kai: "Ɗan'uwa, ka tabbata wannan ɗan majalisa ne?" Muka yi azahar muka dawo, yana nan. Muka yi la'asar, yana nan, wuyansa ya yi jajur.

Huɗu saura mutumin ya sake fitowa. Ya tsaya a kansa tsawon lokaci, sannan ya tsuguna ya kwance igiyar da kansa. Ya ɗauki kifi ɗaya ya sa a baki, bai iya taunawa ba, sai kafaɗunsa suka shiga rawa. Ni da Malam Ɗahiru muka kau da kai.

A hanyar filin jirgi na tambayi Muhandis ko an dace. Ya ce, "Bai yi alkawari ba, amma ya ci." Muna wuce gadar ƙarshe ya juyo ya ce, "Kai fa, mahaifiyarka na da rai?"

Na ce Inna tana nan, duk Juma'a muna waya, kullum cewa take lafiya lau suke, kada in damu.

"Haka suke gaya wa 'ya'yansu," ya ce. "Sauran maganar kuma ofishina suke kawo ta."

Shida da rabi na sauke shi. Na tsaya a gefen hanya na daɗe ban iya tayar da motar ba.

Riyad zuwa Malumfashi

Washegari na tsare mudir a kan bizar fita da dawowa. Ya ce aiki ya yi yawa, na ce to zan jira a ƙofa. Sai bayan wata biyu ta fito. Ana saura kwana uku in tashi, saƙon Muhandis ya shigo wayata, layi biyu kacal: makanikin ya koma wajen uwarsa, shi kuma ya faɗi zaɓe, zai koma gyaran injin jirage.

Jirginmu ya sauka Kano da hantsi. Na shiga motar Malumfashi ta hanyar Gwarzo, muka wuce shingen 'yan sanda huɗu, biyar saura na yamma ina ƙofar gidanmu. Na yi sallama. Inna tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa, ta amsa, amma sai na ga ta juya fuska wajen ƙofar kicin, ba inda nake tsaye ba. Ƙanwata Hadiza ta sunkuyar da kai ta ce a hankali, "Yaya, shekara biyu ke nan da idon ya tafi. Ita ta hana a gaya maka."

Na durƙusa a gabanta. Ta lalubo fuskata da hannu biyu, ta shafa gemuna ta ce, "Sabi'u, har ka tara gemu haka? Hadiza, ɗora masa ruwan wanka."

Na gode wa Allah da ya kawo ni na same ta da rai. Na gode wa Malam Ɗahiru da ya ba mu inuwa. Dattijon nan kuma, duk inda yake a bakin tekunsu, Allah ya saka masa da alheri.