Ƴar Ƙofar da ke Ƙarƙashin Kwamfutata

Ko tsufa ya cinye min tunani, ba na jin zan manta da ranar da kwamfutata ta so kunyata ni a gaban matar da ke takaba.

Lokacin ina ɗaukar bidiyon biki a Gumel, musamman cikin gida inda maza ba sa shiga. Na ɗauki wani biki a Maigatari, har da inda mahaifin amarya ya dafa kanta yana sa mata albarka. Ba a jima ba Allah ya yi masa rasuwa. Sai matarsa ta kira ni a waya.

"Ƴata, amarya za ta koma Damagaram gobe. Ki taimaka mu ga fuskarsa tare kafin ta tafi."

Na ce to, Mama. Amma fa bidiyon a cikin kwamfutar kaɗai yake, ita kuwa da na fara haɗa shi sai ta sandare. Tsohuwa ce mai kauri, ƙawayena dutsen niƙa suke ce mata. Na zaci zafin bazara ne, har kan murfin randa na ɗora ta ta sha sanyi. Ina! Ko gezau.

Na rungume ta na hau adaidaita sahu zuwa wurin mai gyara a bakin kasuwa. Tun kafin in zauna na ce, "Malam, don girman Allah kada ka goge min komai."

Ya kife ta, ya yi murmushi. "Hajiya, kwantar da hankalinki. Aikin ne ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwarta, kuma wanda ya ƙera ta ya bar gurbin ƙari. Da irin siraran nan ce da ake liƙe komai, da sai dai in ba ki haƙuri."

Ashe akwai wata ƴar ƙofa a ƙarƙashinta, ban taɓa lura ba. Noti ɗaya ya kwance. Ya ɗauko wani ɗan siririn allo da suke kira ram, ya zura, ya danna, na ji ƙas. Shi ke nan wai! Ni da na zo da shirin kuka.

Ya kunna, na buɗe aikin. Sai ga marigayi yana magana tiryan-tiryan, ba tsayawa. Na sauke wata ajiyar zuciya, har mai shagon kusa ya leƙo.

Bayan la'asar ina Maigatari. Uwa da ƴa suka zauna a tabarma ɗaya suna kallo. Da aka zo wurin albarkar, Mama ta share hawaye ta ce, "Maimaita min nan, ƴata." Na maimaita, kwamfutar ba ta ko yi tari ba.

Ban san wanda ya ƙera ta ba, amma na yi masa fatan alheri. Tun ranar na daina ruɗuwa da ƙyalli. Duk abin da zan saya, sai na kife shi na duba ko wanda ya ƙera shi ya tuna da ranar da zai gaza, ya bar ƙofar gyara.