Ampul Ɗin Kawu Isufu

Duk wanda ya taɓa shigowa gidanmu na Zongo da safe ya san Kawu Isufu ba ya amsa gaisuwar ɗan Adam sai ya gama gaida kifayensa. Kana tsaye kana ta "ina kwana", shi kuwa ya manna hanci a gilashi yana tambayar Kwamanda ko ya tashi lafiya. Kwamanda wani kifi ne rawaya da bai wuce tafin hannu ba, amma a gidan nan ya fi mu duka daraja, har da ni Habiba, 'yar ƙanwarsa da ya riƙa tun ina ƙarama.

Kawu direban kamyo ne, babbar motar kaya, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a hanyar Lome. A wani otal can ya ga kifin teku cikin akwatin gilashi, ya dawo Wagadugu da ciwon da ba ya jin magani. Garin da ko kogin kirki babu, shi teku yake so a falo. Da farko a bido, wato jarka, yake ɗauko ruwan tekun. Wata rana ɗan duwan mai binciken kaya ya buɗe bidon a kan iyaka, ya lasa, ya tofar.

"Alhaji, mene ne wannan?"

"Teku."

"Teku kuma?"

"Kaɗan na ɗiba, ba za su lura ba."

Kun dai san Kawu da maƙo. Mutumin da ke tafiya kasuwar Sankaryare a ƙasa don kada tayar motonsa, wato babur ɗinsa, ta cinye, shi ne ya sayo fitilar kashe ƙwayoyin cuta. Bututu ne mai ampul, wato kwan fitila, a ciki, ruwan akwatin yana bi ta jikinsa a hankali, hasken yana ƙona ƙananan ƙwayoyin da ke kama kifi. Kawu ya raɗa mata suna Jandarma. In aka ɗauke wuta da rana, firigon matarsa Inna Rakiya yake fara cirewa daga bateri ya jona Jandarma.

"Malam, naman fa?" in ji Inna.

"Naman ya riga ya mutu, Rakiya. Waɗannan da ransu."

Abin da ya haɗa ni da shi ampul ɗin ne. A labo nake aiki, ɗakin gwaje-gwaje, muna da irin fitilar, na san bayan kamar shekara guda ƙarfinta yana tafiya ko da tana nan tana haske. Ta Kawu kuwa ta shekara uku. Na faɗa masa ya canza ampul ɗin ya fi a ƙirga.

"Likita," haka yake ce mini in zai yi mini shaƙiyanci, "zo ki duba. Tana ci ko ba ta ci?"

"Tana ci, Kawu, amma ba ta aiki."

"To ai ni ma haka nake, kin ga an jefar da ni?"

Wallahi ran nan haushi ya hana ni cin abinci. Mutumin da bai taɓa yar da kwan fitila mai rai ba, me za ka gaya masa?

Ba a yi wata biyu ba ya kawo sabon kifi ya zuba kai tsaye, wai baƙo ba a ajiye shi a zaure. Kwana kaɗan fararen ɗigo suka feso wa kifayen kamar an barbaɗa musu gari, suna ta goga jiki a duwatsu. Kawu ya ce zafi ne. Biyu suka mutu, ya ce kwanansu ne ya ƙare. Sai da ɗigon ya fito a fiffiken Kwamanda, ya daina cin abinci, sannan na ga Kawu ya zauna jagwab a kujera, hularsa a hannu. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar, kuma tausayinsa ya kama ni.

"Habiba," ya ce, yau babu Likita, "in an sa sabuwa zai tashi?"

Na ce fitila ba ta warkar da wanda ya riga ya kamu, ƙwayoyin da ke yawo a ruwa take ragewa. Sai an ware kifayen an sa musu magani. Kafin in rufe baki ya juye wankin Inna a ƙasa ya kawo babbar robarta. Ya hau moton da yake tattali, ya zaga gari har Tampuy, ya dawo da magani da sabon ampul a ƙirjinsa cikin riga. Sati biyu yana zaune gaban robar nan yana yi wa kifi fifita. Ranar da Kwamanda ya buɗe baki ya karɓi abinci, Kawu ya sayi ƙosai ya raba wa layinmu, abin da tsofaffin unguwa suka ce ba su taɓa gani ba.

Tsohon ampul ɗin fa? Ya naɗe shi a tsumma ya sa a durowa. Wai ritaya ya yi, ba kora ba.

Bara Kawu ya kwanta, kwana tara Allah ya karɓi abinsa. Da Inna ta buɗe akwatin da ya ajiye likkafaninsa tun dawowarsa daga Makka, sai ga wani kwali siriri kwance a gefen farin ƙyallen. Sabon ampul ne, ko buɗe shi ba a yi ba. Ya rubuta a jiki da ajami: "Habiba, bayan Babbar Sallah. Ko tana ci."

Na canza ampul ɗin, Kawu. Kwamanda yana nan, kullum da safe yana zuwa bakin gilashi, ni nake gaida shi yanzu. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya haskaka kabarinka da hasken da ƙarfinsa ba ya raguwa. Amin.