Shekarar da Muka Buɗe Tsohuwar Rijiya

Damina ta ɗauke da wuri a shekarar nan. Gero ya tsaya iya ƙugu a gonakin Gidan Katta, ya yi fari bai fitar da kai ba. Mu da ke cikin garin Illela ba mu ji abin a jikinmu ba sai bayan watanni, ranar da mai shela ya bi unguwanni da lasifika yana cewa daga yau famfo zai riƙa zuwa ne bi da bi, unguwa bayan unguwa. An hana wanke mota, an hana ban ruwan lambu, an hana masu buga bulo taɓa ruwan famfo. Da farko rabonmu kan zo sau biyu a mako. Daga baya ya koma sai ranar da Allah ya yi. In ka buɗe famfon sai ya yi ta huci kamar tsoho mai asma, sannan ya yi shiru.

A lokacin ina zaune gidanmu da yarana biyu, mijina yana fatauci can arewa da mu. Gidan kuwa Inna ce da yayana, wanda ke kai albasa Ƙwanni, da iyalinsa. 'Yan garuwa da a da suke bin ƙofa suna neman mai saye, yanzu mu ke bin kurarsu muna roƙo. Ruwa ɗaya kan yi aiki uku a hannun Inna. A wanke shinkafa da shi, a ɗauraye kwanuka, abin da ya rage a ba awaki.

A bayan ɗakin girki akwai tsohuwar rijiya da mahaifinmu ya rufe da murfin siminti tun zuwan famfo, ina ƙarama. A kanta muke shanya kuɓewa. Wata safiya Inna ta kwashe shanyar ta ce wa Yaya, "Ka nemo mai yasa. A buɗe wagga rijiya."

Ya zo da wani dattijo daga Ƙwanni. Da aka ture murfin, wani wari mai sanyi ya taso, kyankyasai suka watsu ko'ina. Dattijon bai shiga ba. Ya kunna fitilar ƙwai, ya ɗaura mata igiya ya zura. Muna leƙe, hasken yana ƙanƙancewa, can sai ya mutu. Ya jawo ta, ya sake kunnawa, ta sake mutuwa.

"Baba, mi ke nan?" in ji Yaya.

"Iskan ciki ya ɓaci. Wanda duk ya shiga yanzu ba ya hitowa da ƙahwanshi."

Aka bar ta a buɗe kwanaki, ana zura rassan dogon yaro ana jawowa don iska ta motsa. Inna ta hana yara zuwa bayan ɗakin. Ranar da fitila ta sauka ta dawo da wutarta, dattijon ya yi bismilla ya shiga. Taɓo baƙi aka yi ta fitarwa, da fasassun tuluna, da ƙasusuwan wani abu da ba wanda ya tsaya tantancewa. Da la'asar ya fito da ruwa a ƙoƙo, ya miƙa wa Inna. Ta kurɓa ta yi hamdala. Shi kuwa bai yi murmushi ba.

"Hajiya, idon ruwan ya yi nisa," ya ce. "Ba nan munka san shi ba. Ku ja da hankali."

Kafin mako ya zagayo duk unguwa ta ji. Tun da hantsi mata ke cika tsakar gidan da jarkoki da bokitai. Inna ba ta taɓa korar kowa ba. Ni nake yawan jan guga, don haka ni na fara lura igiya tana kasawa. Muka ƙulla mata wata. Ba a jima ba muka ƙara da tsohon zanen Inna da aka murɗa. Ruwan ya fara zuwa da launin kunun kanwa, sai mun jefa alif ya kwanta kafin a sha.

Akwai wata Bafulatana daga wajen Tozai da ta daɗe tana kawo mana nono, har ta zama ƙawar Inna. Wata rana ta shigo ba ƙwarya a kanta. Ta zauna bakin murhu, ta ce tabkinsu ya tsattsage, rijiyar rugarsu ta koma yashi, manyan shanun kuwa mazajensu sun yi kudu da su. Maruƙa ne suka rage, ba za su iya tafiyar ba, ga su nan a bayan katanga.

Na leƙa. Ba su da yawa, amma ko kuka ba sa yi. Sun jingina da bango, ƙudaje na bin idanunsu.

Inna ta ce in ja musu ruwa. Ina cikin ja na ji matan da ke layi sun daina hira. Wata ta ce, ba da ƙarfi ba, "Mutane na jira, ana ba dabba." Ba wanda ya musa mata.

Da yamma Yaya ya dawo da kwaɗo da sarƙa.

"Inna, in ba a kulle ba, mu za mu rasa. Ki dubi jikokinki."

"Ubanka bai gina ta da kwaɗo ba."

"Lokacin da ya gina ta akwai ruwa a ƙasa."

Yaya bai kulle ba. Ya rataye kwaɗon a ƙusar bangon da ke fuskantar rijiyar, inda duk mai shigowa zai gani. Daga ranar gaisuwar maƙwabta ta gajarce. Wata tsohuwa da muka tashi muna kira Gwaggo ta fara zuwa da jarkoki fiye da na gidanta, aka ce sayarwa take yi a bakin tasha. Mata biyu suka yi dambe a kan guga har ɗan kunne ya yage wa ɗaya kunne.

Bafulatanar ta zo sau da yawa, kullum maruƙan na raguwa. Ranar ƙarshe ta ce su ma za su tashi. Inna ta tambaye ta ina. Ta nuna kudu da haɓa, ta ce su ma ba su sani ba.

Bayan tafiyarta da 'yan kwanaki, da azahar tsaka, muna zaune a inuwa muka ji wani gum daga ƙarƙashin ƙasa, har kwanukan da ke kan randa suka yi ƙara. Ƙura ta taso daga bakin rijiyar. Gefenta ne ya rufta daga ciki. Allah ya kiyaye ba kowa a wurin. Bangon ɗakin girki ya tsage daga ƙasa har sama. Aka aika wa dattijon, ya leƙa sau ɗaya ya ce ba zai shiga ba, kuma kada a bar wani ya shiga.

Muka koma bin layin burtsatsen wani masallaci a ƙarshen unguwa, ni da matar Yaya, da tulu a ka. A layin ne na ji ana cewa masu injin da suka zo yi wa wani attajiri haƙa sun zura bututunsu har ya ƙare ba su taras da ruwa ba, suka naɗe kayansu suka tafi. Matar da ke gabana ta juyo ta tambaye ni ko gaskiya ne. Na ce ban sani ba. Muka matsa gaba kaɗan.