Marin da Na Sha a Kan Bokitin Ruwa

Akwai marin da mutum zai sha ya manta da shi kafin la'asar, akwai kuma wanda zai bi shi har furfura. Nawa irin na biyun ne, kuma muddin ina numfashi ba zan manta ranar da na sha shi ba. In na tuna ma har wani ƙasaita nake ji, ina shafa kuncin kamar wanda aka ba lambar yabo.

Wajen ƙarshen shekarun saba'in ne, ina ƙaramin ma'aikaci a ofishin kula da dabbobi a Jos. Aikina feshin maganin kaska. Da safe in goya injin feshi a baya, in bi wuraren da ake tsare shanu a bayan Abbatuwa, wato mayankar garin, hannun hagu yana buga famfo, na dama yana riƙe da sandar feshi. Ni kuwa Allah bai ba ni jiki ba, ɗan siriri ne, don haka mahauta suka samu abin tsokana. Da sun hango ni sai ka ji ana cewa, "Ga sarkin yaƙin kaska nan, a ba shi hanya!" Nakan yi dariya, amma can a ƙasan zuciya abin yana sosa ni.

A gefen mayanka akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Iya, sana'arta narka kitse a cikin rabin duro tana sayar wa masu yin sabulu. Rumfarta ta kwano ce, ƙofa ɗaya, murhun yana daf da bakin ƙofar saboda hayaƙi, ita kuma tana zama daga ciki a kan kujera 'yar tsugunno domin ƙafarta ɗaya ba ta da lafiya. Ɗanta mahauci ne, ƙato, wanda shi kaɗai yake kayar da bijimi. Duk cikin masu tsokanata ba wanda ya kai shi baki.

Ranar na gama aiki wajen hantsi, na ɗauraye injin sau uku a bakin famfo kamar yadda doka ta ce, na cika shi da ruwa zalla don in wanke bakin sandar. Ina cikin haka direban ofishinmu, mutumin Filato ne, ya ƙwala mini kira, "Oga, wuta ya kama a gidan Mama mai kitse! Mama yana ciki!"

Da injin a bayana na ruga. Kitsen ya yi zafi har ya kama da kansa, harshen wuta yana lasar kwanon rufi, ya tare ƙofar gaba ɗaya. Ta cikin hayaƙin ina hango Iya ta manne a kusurwa tana salati. Mutane sun cika wurin, kowa na ihu, ba wanda ya iya matsawa saboda zafi. Sai ga ɗanta a guje, riƙe da ƙaton bokitin da suke wanke kayan ciki, cike taf da ruwa.

Nan na gane wuta zai watsa wa ruwan. Kafin in shiga aikin dabbobi na yi shekara biyu a wakshof na wani kamfanin kuza a Bukuru, kuma wata rana 'yan kwana-kwana suka zo koya mana. Suka kunna mai a faranti, aka watsa ruwa, wutar ta yi tsalle ta fi tsayin mutum. Suka sake kunnawa, suka murɗa bakin mesarsu har ruwan ya koma kamar yayyafi, sai ga wuta tana lafawa. Shugabansu ya ce ruwa mai nauyi nutsewa yake yi a ƙarƙashin mai, ya tafasa nan take, ya watso man da wutarsa. Mai laushi kuwa tun a sama yake zama tururi, ya kwashe zafin, ya toshe wa wuta numfashi.

Ba lokacin yin wannan dogon bayani. Na sha gabansa na ce, "Kada ka zuba!" Ya ce, "Matsa, uwata ce a ciki!" Ya ɗaga bokitin. Ni kuwa na sa ƙafa na hamɓare shi, ruwan ya malale a ƙasa. Ban ankara ba na ji saukar mari, har sai da na ga taurari da rana tsaka. Wani daga baya ya ce, "Mahaukaci ne, ku riƙe shi!"

Da na tsaya ramuwa ko ba da haƙuri, da labarin ya sha bamban. Na murɗa bakin sandar zuwa ƙarshen laushinsa, na fara buga famfo iya ƙarfina. Ban nufi cikin duron ba, sama na ɗaga sandar, feshin yana sauka a hankali kan harshen wutar. Na ce wa direba ya janye itacen murhu, ya kuwa kwanta a ƙasa yana zaro su ɗaya bayan ɗaya. Da farko kamar ba abin da nake yi, har na ji wani yana cewa, "Kaska ya ɗauke ta?" Wallahi a lokacin tsoro ya kama ni. Na ce a raina, in wannan abu bai yi ba, ni na kashe tsohuwar nan.

Sai wutar ta fara cuuu, farin tururi ya turnuƙe rumfar, harshen ya sauko daga rufi. Na matsa taku ɗaya. Ta sake yunƙurowa, gashin hannuna ya ƙone, ban daina bugawa ba, kafaɗata kamar za ta cire. Da ta dawo daidai bakin duro na juya na ce wa wanda ya mare ni, "Ɗauko fallen kwanon can, ka biyo bayan feshina, ka rufe!" Ya kalle ni kamar zai yi gardama, sai ya ɗauko. Ina fesa masa hannu da fuska yana tura kwanon har ya rufe bakin duron ruf. Ya tsallaka ya sungumo uwarsa ya fito da ita, tana tari, zaninta sharkaf, amma ko ƙwarzane babu a jikinta.

Aka yi ta hamdala, sai dai mutumin nawa bai sauko ba. Ya ce da na bar shi da tuni ya kashe wutar, uwarsa ba ta sha hayaƙi haka ba. Wasu suka goya masa baya. Na ce to, gani ya kori ji. Muka fita fili, na ɗebi kitse a gwangwanin madara, na ɗora a wuta har ya kama. Na ɗaure ludayi a bakin doguwar gora, na sa kowa ya ja da baya, na tuntsura ruwa ludayi ɗaya tak. Wutar ta yi wani irin gurnani ta tashi ta wuce kan kowa, kitse mai ci yana fallatsa ko'ina.

Ƙaton nan ya dubi gwangwanin, ya dubi rabin duron da ke cikin rumfa, ya dubi bokitinsa da ke yashe. Sai ya zauna daɓas a cikin taɓo. Ya ce, "Da da hannuna zan ƙone Iya." Ya fashe da kuka a gaban mahauta 'yan'uwansa. Iya ta miƙo hannu ta kama nawa ta ce, "Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan iyayenka." Ban taɓa jin na cika mutum kamar wannan lokaci ba.

Kwanan baya jikana, wanda ya karanci aikin injiniya, yake ba ni labari wai yanzu ana shimfiɗa siraran bututu a rufin ɗakunan girki na manyan otal, da ɗakin injin jirgin ruwa, da inda ake ajiye kwamfutoci da tsofaffin littattafai. In wuta ta tashi su da kansu suke sakin feshi mai laushi, su kashe ta da ruwa kaɗan ba tare da sun lalata kaya ba. Na ce masa, "Yaro, kakanka ya riga su, a bayansa ya goya nasa."

Abin da ranar ta koya mini shi ne, ƙauna da gaggawa ba su isa su ceci mutum ba in babu sani. Wanda ya fi kowa son Iya shi ne ya kusa hallaka ta. Don haka in ka tabbata da abin da ka sani, kuma rai yana kan siraɗi, tsaya a kansa ko da za a mare ka. Kunci yakan huce, amma uwa ba a samun wata.