Lemo Shida da Usur ɗin Bashi Kangwa

Lombe Chisanga, wanda duk unguwarmu a Kabwe ke kira Bashi Kangwa, wato Baban Kangwa, saboda ɗansa na fari, ya yi shekara talatin da ɗaya yana duba tikiti a jirgin ƙasa. Da ya yi ritaya bai dawo gida da abin kirki ba sai hular aiki da usur. Usur ɗin na rataye a wuyansa har wurin wanka. Da shi yake kiran matarsa, da shi yake korar kaji, da shi ya taɓa raba faɗan mata biyu a bakin famfo, ya ce kowacce ta nuna tikitinta.

Shi ɗan ƙabilar Bemba ne, ni Ngoni, don haka mbuya muke, abokan wasa tun kakanni. Shekara arba'in katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu, ban taɓa yi masa gaisuwar mutunci ba, shi ma bai taɓa yi mini ba.

"Tikambenji mai cin ɓera!" haka yake ɗaga murya ya kira sunana da safe. "An tashi lafiya, ko wutsiyar jiya ta maƙale a wuya?"

"Lafiya lau, mai cin biri. Na ga ƙaninka a kan mangwaro, ya ce in gaishe ka."

Shekarar da ya cika sittin da takwas ya fara kasala. Dasashinsa na zubar da jini, jikinsa duk tabo ba wanda ya doke shi, usur ɗin ma in ya busa sai ka ce kukan ɗan tsako. Aka kai shi Lusaka, likitoci suka ce sankarar jini ce. Ya yi wata guda a can, ya dawo ba gashi ba tsoka, da takardar cewa ya koma ranar Talata a ƙara masa jini a ci gaba da magani.

Nan na yi wautar da ban taɓa yi ba. Na hango shi a kan kujera, hular ta yi masa yawa, sai tausayi ya kama ni, abin da ba ya yawan kama ni. Na wanke hannu kamar yadda aka ce a riƙa yi, na kai masa lemo shida, na durƙusa, na tafa hannu, na ce, "Sannu, Bashi Kangwa. Allah ya ƙara sauƙi."

Ya dube ni, ya dubi lemon.

Ranar Lahadi bayan coci matarsa, Bana Kangwa, ta faɗo gidana ko sallama babu.

"Mbuya, me kika yi wa mijina?"

"Lemo na kai masa."

"To lemon nan ya gama da shi. Ya ce tunda Tikambenji ta durƙusa masa, likita ya gaya wa kowa abin da ya ɓoye masa. Ya juya fuska bango tun Alhamis. Ya ce ba ya komawa Lusaka, ba zai ɓata jinin mutane a banza ba. Fadan cocinmu ya yi magana, Kangwa ya bugo waya daga Kitwe, ya ƙi. Kuma a asibiti sun ce jinin da ke jikinsa ba zai kai shi ƙarshen wata ba."

Na ce ta je ta share tsakar gida. Tunda ya ce ya mutu, gawar Bemba ai hakkin Ngoni ce. Mu ke haƙa kabari, mu ke girki, mu ke bulbula wa dangin mamaci gari a ka muna yi musu tsiya.

Litinin da hantsi na tara tsofaffin Ngoni huɗu, muka shiga da tukunya da igiya da ƙwaryar garin masara. Muka mai da Bana Kangwa fara fat a ƙofar gida. Shi dai ba mu zuba masa ba, an hana ƙura kusa da shi, har ɗankwali na ɗaure a hanci. Na miƙa igiya daga kansa zuwa ƙafa.

Na ce wa ɗaya daga cikin tsofaffin, "Amai Zulu, riƙe can. Kai, ashe ma gajere ne. Ramin dankali ya ishe shi."

Ya juyo daga bango. "Me kuke yi haka?"

"Yi shiru, gawa ba ta magana."

"Ban mutu ba tukuna!"

"Matarka ta ce tun Alhamis. Mu muna da abin yi, ba za mu zauna jiran ka ba. Laraba muna da biki."

Na ciro hular daga ƙusa na kifa a kaina. Na zare usur daga wuyansa, na busa har kaji suka watse.

"Wannan gādona ne. Akuyata zan rataya wa."

Mutumin da kwana huɗu ana ɗaga shi kafin ya sha ruwa, sai ga shi tsaye, yana dafe da gado.

"Baiwar banza! Usur ɗin gwamnati a bakin da ke tauna ɓera? Ba ni!"

"Zo ka karɓa gobe a ƙofar asibiti a Lusaka. In ba ka zo ba, akuya."

Ya tsaya yana haki, yana kallona.

"Tsakani da Allah, likita bai gaya miki komai ba?"

"Likita ya san ni ne? Lemon ma na bishiyarka ne, ta kan katanga na tsinko."

"Ɓarauniya," ya ce. "Bana Kangwa, goge mini wandona. Ki kuma wanke kan nan, kin yi kama da fatalwa."

Talata muka hau mota, ni a gaba da hularsa, shi a baya yana zagin ƙeyata tun daga Kabwe har Lusaka. A ƙofar asibiti na ba shi kayansa. Usur ɗin na tafasa shi, ba don ya cancanta ba. Ni an ce na tsufa da ba da jini, amma 'ya'yana mata biyu da surukina suka bayar. Ko nasu aka sa masa ko na wani, oho. Da aka rataya ledar jinin na ce masa ta Ngoni ce zalla.

"Shi ya sa," in ji shi. "Tun ɗazu nake jin ina son leƙa ramin ɓera."

Ya yi shekara biyu da wata biyar bayan nan, yana zuwa Lusaka yana dawowa, yana gaya wa kowa cewa kyanwar gidansa ta fara yi masa kallon abokin gāba. Wasu ranakun amai ne kawai da zazzaɓi. Nakan tsaya a taga in zage shi. In ya rama, Bana Kangwa ta ɗora masa nshima, tuwonmu na masara. In bai rama ba, ta nemi motar asibiti.

Ya rasu da damina. Muka yi aikinmu, igiyar da na ajiye ta yi daidai. An binne shi da hularsa, usur kuwa Bana Kangwa ta ba ni. Kaji nake kora da shi. Ko motsi ba sa yi.