Ledar da Ta Kusa Raba Ni da Sahun Gaba

Salamu alaikum. Shekara ɗaya da rabi ban sa komi a shafin nan ba. Masu cewa na koma Kaduna da zama, da masu cewa suga ne ya kwantar da ni, duk na ji. Ba ko ɗaya.

Sankarar dubura ce. Da gangan na rubuta sunan wurin, don kunyar faɗinsa ce ta kusa kai ni kushewa.

Waɗanda suka san ni sun san ba gado na ci ba. Daga fom uku na bar makaranta na zama karen mota a Yankara, zamanin da kuɗin mai suka ɓarke, kowa na neman mai kai mashi siminti. Ban cika talatin ba na sayi babbar mota tawa. A tasha kuwa, direba da basir Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Kowace mota da galan ɗin jiƙo ƙarƙashin kujera. Shi ya sa da na fara ganin jini a bayan gida da tsufana, na ce tsohon ciwon tuƙi ne ya dawo.

Shekara biyu ina ɗirkar jiƙo. Na sha na mai lasifika ranar kasuwa, na sha na wani tsoho a bayan Yargoje, har kan kaskon hayaƙi na tsuguna. Zama ya gagare ni, sai kishingiɗa.

Maiɗakina Hajiya ce ta fara tsayawa a kaina.

"Alhaji, wannan ba basir ba ne."

"Yaushe kika zama likita?"

"Ni ba likita ba ce, amma ni ke wanke wandunan."

A babban asibiti na birni, wani likita, yaro sa'an autana, ya sa safar hannu ya ce in juya mashi baya. Ni da nake sallamar direba da kallo ɗaya! Suka yanki tsoka suka kai gwaji, suka ɗauki hoto. Sai kemo, wato maganin sankara, da gashin wurin da inji, mako shida. Bakina ya yi gyambo, fatar wurin ta saɓule, tuwo ya koma kamar ƙasa. Ka zo da sassafe ka kama layi, sai bayan azahar a ce injin ya tsaya, ka dawo jibi. Gonata ta Sabuwa a nan ta tafi.

Duk na jure, don an ce in an dace ba sai an yi aiki ba.

Ba a dace ba.

Likitan ya ce, "Baba, ƙarin bai mutu ba. Sai mun cire hanyar gaba ɗaya mu ɗinke, mu buɗe maka ƙofa a gefen ciki. Bayan gida zai riƙa zuba cikin leda."

"Har yaushe?"

"Har abada, Baba."

Na ɗauki hulata na fita.

Ba wuƙa na ji tsoro ba. Shekara arba'in ina sahun gaba a masallacinmu, dama da liman. Masallacin ma simintina ne a jikinsa. Yaya zan tsaya gaban Ubangiji da najasa rataye a ciki? Ina alwalar? Na ce gara in mutu da tsarkina. Wata biyu na kashe waya don kada asibiti su same ni, ciwo yana cina.

Sai Hajiya ta kwashe sirrina kaf ta kai wa Liman. Kwana uku ban yi mata magana ba.

Liman taubashina ne, ɗan kawuna, ba ma raga wa juna tun muna yara. Ya shigo bai ko zauna ba.

"Alhaji, ashe jahilcinka ya fi motarka girma? Wa ya ba ka wannan fatawa?"

"Malam, hankali ma ya isa."

"Hankalin da ya tsugunar da kai kan kasko? Abin da ke fita ba da ikonka ba, kullum, ba ya karya maka alwala. Mai larura ne kai. Ka zubar, ka tsabtace, ka yi sallarka. Amma ka ƙi magani don kada a ji warinka, wannan ba tsoron Allah ba ne, tsoron mutanen Faskari ne."

Ta yi mani zafi, don gaskiya ce.

An yi aikin. Na farka da robobi ko'ina. Ranar da nas ta buɗe bandeji na ga abin, ja wur kamar tumatir, na kawar da kai. Hajiya ce ta koyi yanka bakin ledar da liƙa ta, ni ina ta faɗa. Har yau takaici bai ƙare ba: ledar ba a samunta a nan sai an aiko daga birni, zafi yana ɓamɓare gam ɗin, wake da ƙwai kuwa mun yi bankwana. Amma hoto biyu a jere likita ya ce babu komi.

Wata huɗu bayan aikin na zura babbar riga na tafi la'asar. Na laɓe sahun baya. Liman ya waiwayo, ya ƙi ta da salla.

"Wurin Alhaji fa? Ko sai na aiko da mota?"

Na matsa gaba. Raka'a ta biyu ledar ta yi ƙara, ƙara sosai. Ba wanda ya motsa. Bayan sallama Liman ya riƙe hannuna ya ce a hankali, "Tsohuwar mota ce, an maido mata salansa gaba. Tana dai tafiya."

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa likitocin nan da nas-nas. Hajiya, na ce kin tona mani asiri, ashe rufa shi kika yi. Ki yafe mani.

Ku kuma 'yan'uwana direbobi: jinin da ya wuce mako biyu, ka aje galan ka je a duba. Ka juya wa yaron baya, minti biyar ne. Wanda aka ce za a sa ma leda yana tsoron sallarsa, ya zo ya same ni bayan la'asar. Ina sahun gaba, dama da liman.